Kumburin Da Kuka Tsaga Mini Sau Biyu

Zuwa ga Babban Likitan asibitin da aka yanka mini hannu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya. Sunana Habu, ɗan acaɓa daga Sule Tankarkar, mai kai fasinja kasuwar Maigatari. Sau uku na zo ofishinka ana ce mini ba ka nan, shi ya sa na rubuto inda kowa zai gani.

Na ɗaya. Bara da damina wani kumburi mai tauri ya fito mini ƙasan gwiwar hannun dama, kamar ƙwan zabo. Da na zo asibitinka, wani ma'aikacinka ya latsa da yatsa ya ce maruru ne. Bai ɗauki hoto ba, bai kira likita ba. Ya ce allurar kashe zafi ta ƙare. Ƙarti biyu suka danne ni, ɗaya ya ɗora gwiwa a ƙirjina, shi kuma ya sa wuƙa. Babu mugunya, sai jini. Duk da haka ya ci gaba da ƙwaƙula da almakashi, ina ihu har na datse harshena na suma. Naman da ya ciro, kwandon shara ya jefa shi.

Na biyu. Bayan kaka kumburin ya dawo, ya fi na da girma. Mutumin nan ya sake tsaga ni, ya haɗa da jijiya, yatsuna uku suka mutu. Da na roƙa a kai naman gwaji, sai ya sa maigadi ya ingiza ƙeyata waje, jini na bin rigata.

Na uku. A Kano aka ɗauki hoto, aka ɗebi naman kumburin aka gwada. Likita ta ce wani irin ƙari ne mai manyan ƙwayoyi, wanda aka fi sani a ƙashi, ba kasafai yake fitowa a tsoka ba. Ta ce da an cire shi ɗungurungum tun farko, da wuya ya dawo. Yagar da aka yi masa ce ta bar saura. Dole suka kwashe tsoka mai yawa. Yanzu hannun ba ya riƙe kan babur, ko lomar tuwo ba ya ɗauka.

Ba zan ɓoye maka ba, ranar da na dawo gida na ɗauki adda da hagu zan nufo asibitinka. Matata Rabi ce ta tare ƙofa tana kuka har na yar.

Ban ce dole ma'aikacinka ya san wannan cuta ba. Amma wanda bai sani ba, me ya kai shi yanka?

Ina roƙo ka raba mutumin nan da wuƙa. Duk naman da aka ciro daga jikin mutum a kai shi gwaji. Kumburin da ba a gane ba a tura shi gaba. Kuma ka kira ni, ka dubi hannun nan da idonka.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare ka da iyalinka daga irin gadon da aka danne ni a kai.

Wassalam.
Habu, Sule Tankarkar