Kujera ta Uku Daga Ƙofa

Zuwa ga ƙanwata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da yara da sana'a.

Labari ya iso ni cewa tun da aka fara bikin nuna finafinan Faransanci a ɗakin taro, kullum da la'asar kike rufe shagon ɗinki, ki kwashi matan layinku ku tafi. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni, wai ke ce mai yi musu fassara, alhali ko gaisuwa ba ki iya da Faransanci ba. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da harshen nan, kuma kowa ya san ke ƙanwata ce. Mai kula da ɗakin ɗalibina ne, na ce masa in kika sake buɗe baki ya fitar da ke.

Ki rufa mini asiri. Ki huta lafiya.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ya ƙarfin jiki?

Saƙonka ya iso, ɗalibinka ma ya iso. Jiya ana tsakiyar fim ya zo ya tsaya a kaina yana sosa ƙeya. Kafin ya gama kame-kame, Goggo mai sayar da zare ta ce, "Ɗan nan, in ta fita, mu goma sha ɗaya muna bayanta, sai ka nuna wa kujeru." Ya dubi ɗakin, ya koma inda ya fito.

Gaskiyarka, ba na jin Faransanci. Rubutun da ke ƙasan allo kuma gudu yake kamar ya yi sata. Amma ni tela ce. Matar da ta sa rigar da ta zarce mata kafaɗa, ta mijinta ce, ko ya mutu ko ya gudu. Wanda ya dire kofi da ƙarfi ba albarka yake sawa ba. Da wannan nake fassara, kuma har yau ƙarshen fim bai ƙaryata ni ba sai sau ɗaya.

Ka tuna kana haddar Faransanci a ƙofar ɗaki, ina wanke-wanke, na ce ka koya mini, ka ce bakina bai dace ba? Shekara arba'in ke nan, har yanzu maganar tana yi mini ciwo. Bakin nan dai shi mata goma sha ɗaya suke saurare yau, kuma ba zan rufe shi ba.

Af, ranar farko na gan ka a bakin ƙofa da farar hularka. Ba ka yi minti goma ba ka sulale. Me ya kore ka?

A gaida Anti matarka.

Ƙanwarka

*

Ƙanwata,

Ina amsawa. Kwana biyu takardar nan tana gabana na kasa cika ta.

Ashe kin gan ni. To, ga abin da ko matata ban faɗa wa ba. Na tsaya a ƙofar nan ina saurare, ban kama ko jimla biyar ba. 'Yan fim ɗin suna haɗiye kalmomi, suna magana a guje. Ni Faransancina na littafi da allo ne, ban taɓa zama da masu shi ba. Sai na ji ku kuna dariya a daidai inda ya kamata, ni malami ina tsaye ban san abin dariyar ba. Kunya ce ta kore ni, ita ce kuma ta rubuta miki wasiƙar farko.

Na ce wa ɗalibina ya ƙyale ki. Ni dai ba zan sake taka wurin ba.

Ki yafe mini.

Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na yafe, amma zancen ƙin zuwa ba ka isa ba.

Gobe za a rufe bikin. Na ɗora gyalena a kan kujera ta uku daga ƙofa, kusa da tawa. Ka kawo jimlolinka biyar, ni zan kawo sauran. In ka gyara mini a gaban mata, da kaina zan sa ɗalibinka ya fitar da kai.

Sai ka zo.

Mai bakin da bai dace ba