Kai Ka Rubuta Sunan Anas

Unguwar Lalle, Sabon Birni.

Zuwa ga ƙanena Maliki,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya da iyalinka a Ikko, Allah ya ƙara muku lafiya. Mu nan alhamdu lillahi, gero ya fitar da kai, ƙafar Inna ta yi sauƙi.

Saƙonka ya iso, wai ɗana Anas ya koma bakin aiki bayan salla. Maliki, ba ka jin kunya? Ranar da ka zo ɗaukarsa zuwa kamfaninku na jiragen sama, gaban Inna ka ce aikinsa raba wa fasinja abinci, ya raka alhazai Jidda ya dawo. Ba ka ce in aka ɗauki hayar jiragenku don kai soja fagen yaƙi, har masu raba abinci ake kwasa ba. Anas ya gaya mini kai ke tsara sunayen masu tashi. Mutum uku suka ce ba su zuwa, ka cike gurbi da shi don ka san ba ya yi wa kawunsa musu.

Sawu shida ya yi. Ya ce a tafiya soja ne cike da kujeru, a dawowa kuma an cire kujerun baya an shimfiɗe masu rauni. Wani soja ɗan garin Isa, Wada, ya gane harshensa, ya riƙe hannunsa yana roƙon ruwa, ya cika kafin su sauka. A sawu na shida aka buɗe musu wuta, kunnensa na hagu ya mutu. Yanzu in jirgi ya gifta ta saman gidanmu, sai ya bar kwano ya shige ɗaki. Ni da na yi murna ko ɗa guda ya tsere wa ƙarar bindigar garin nan!

Ka ce soja ma 'ya'yan wasu ne. Haka ne, amma da saninsu suka shiga, kuma an horar da su. Ɗanka Amiru ma kamfanin yake. Sawu nawa ya yi?

Anas ba ya komawa. In ka matsa masa, za ni Ikko da ƙafata. In ka zo salla, ka sauka ɗakin Inna, kada ka ƙwanƙwasa mini ƙofa.

Ka gaida iyalinka, Halimat da Sadiƙa, su ba su yi mini komai ba.

Yayarka,
Hajjo.