Ranar da Inna Ta Bi Ni da Mota

Gure, ranar Lahadi, ashirin ga watan Muharram.

Zuwa ga ƙanena Ma'azu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka Balkisa, Ya sa albarka a sana'arka, Ya tsare ku daga sharrin baƙunta a can Sabha. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Ruwa ya sauka sosai, an gama noman fari, geron gonar bayan gari ya kusa gwiwa. Lekol, makarantarmu, tana hutu, don haka ina gida ina damun matata Jummai da surutu, har ta fara tambayata yaushe za a koma. Na saurari saƙon da ka turo ta waya, inda ka ce za ka sayar da kekunan ɗinkinka ka rufe shago ka dawo saboda Inna. Kada ka sayar da ko allura sai ka karanta wannan har ƙarshe. Na zaɓi in rubuta da hannu in ɗauki hotonta in turo maka, domin in na ce zan faɗa da baki muryata za ta tona mini asiri, kai kuma na san ka, sai ka shekara kana yi mini dariya.

Ka san halin da muke ciki. Tun rasuwar Baba shekara uku da suka wuce, Inna ita kaɗai ce a gidan Kelle. Sau biyu ta faɗi cikin shekara guda, na biyun ma maƙwabciyarta Maryam ce ta tsince ta kwance dab da murhu. Lokotoro ya ce hawan jininta ba na zaman kaɗaici ba ne. Na gyara mata ɗaki a nan gidana, na sa aka yi daɓe, aka buɗe taga ta gabas. Na aika Jummai, na aika Kawu Fannami, na aika limamin unguwarsu, duk amsa ɗaya suka dawo da ita: ba za ta zauna gidan ɗan fari ba, za ta jira autanta ya dawo.

Wannan magana kai ka san ta, amma daga inuwa ka san ta, ni kuwa a rana nake tsaye. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Kaka Yakura, Allah Ya jiƙanta, kamar yadda ake yi wa ɗan fari. Yau shekarata hamsin da biyu, ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Da ina yaro ni ne ɗan wajen Yakura, da na yi aure na zama mijin Jummai. In na shiga gaishe ta sai ta sami abin tsincewa a faifai, ta amsa tana kallon tsakin gero. Kai kuwa ta goya ka har ƙafarka tana jan ƙasa, ta yi maka kirari, ta ja kunnenka, ta ɓoye maka ƙanzo. Na san kunya ce, na san al'ada ce, ni da kaina na sha yi wa mutane bayaninta kamar wani masani. Amma sani daban, zuciya daban. Na yi kishinka, Ma'azu, kishi na gaske, tun kana cikin zane, kuma yau na faɗa maka na huta.

To, a ƙarshen watan Babbar Sallah muka mayar da ita Damagaram, ni da Jummai, don a duba idon da aka cire wa yana. Lokotoro ya haska, ya ce ido ya warke sarai. Muna fitowa daga gidan likita Inna ta dubi Jummai ta ce tunda yanzu tana ganin kafar allura, sai a daina yi mata zancen barin Kelle. Na yi murnar idon, amma gabana ya faɗi, don na ga hujjata ta ƙarshe ta kuɓuce. Kar ɗin Gure kuma, babbar motar fasinjan nan, sai washegari da safe, don haka muka sauka gidan Kawu Fannami, ni ina ta cika ina batsewa ni kaɗai.

Ka san Kawu. Tsohon jandarma ne, gemu fari fat, amma Allah bai halicce shi da zama wuri ɗaya ba. Bayan la'asar ya ce sabon ido ba a kai shi ɗaki a rufe, dole a nuna masa duniya. Ashe wasu mutane sun kafa wurin wasa a wani fili tun hidimar Sallah, ba su kai ga kwashewa ba. Akwai lilo mai juyawa da dawakan ƙarfe, akwai wani dogo mai ɗaga mutane sama, akwai kuma wata rumfa mai santsin daɓe da 'yan motoci masu aiki da lantarki, an naɗe kowace da baƙar roba, ba su da wani aiki sai karo da juna. Na ce wa Kawu wannan ai wurin yara ne, mu huɗu ba mu riƙo ko jika ɗaya ba, in muka shiga girma ya faɗi, raƙumi ya shanye ruwan 'yan tsaki. Na ƙara da cewa ni shugaban lekol ne, in wani uban ɗalibi ya gan ni da wane ido zan dube shi. Kawu ya ce shi ya yi shekara talatin yana tsare motocin mutane a kan hanya, yau sai ya tuƙa wadda ba mai tambayarsa takarda. Kafin in rufe baki ya yanki tike.

Abin da ya fara kashe mini baki shi ne rabin waɗanda ke cikin rumfar manya ne. Ga wani alhaji ya tattare babbar riga ya cusa tsakanin gwiwoyi, ga wasu mata biyu da kayan aikin likita a jikinsu suna ihu kamar 'yan mata a dandali. Kawu ya shiga, Jummai ma, matar da nake ganin ta fi ni natsuwa, ta ɗaure mayafi a ƙugu ta bi bayansa. Aka bar ni da Inna a kan benci, ita a wancan ƙarshe ni a wannan, tsakaninmu wurin zaman mutum uku. Na saci kallonta, na ga idon nan sabo yana bin motocin ɗaya bayan ɗaya, bakinta yana motsi. Da Kawu da Jummai suka fito suna haki, sai ta tambayi Kawu ko a cikin rumfar nan kowa yana iya bugun kowa, ko akwai wanda ake jin nauyinsa. Kawu ya ce a ciki babu babba babu yaro, babu suruki babu sarki, wanda ka samu shi ne naka. Sai ta miƙa wa Jummai hannu ta ce a tashe ta.

Na yi faɗa, ba zan ɓoye maka ba. Na ambaci hawan jini, na ambaci gwiwa, na ambaci idon da aka sha wahala a kansa. Ko kallona ba ta yi ba, ta ce wa Jummai wasu mutane sun cika tsoro. Da na ga ba makawa, sai na shiga wata motar ni ma, da niyyar in riƙa zagaya tasu ina tare mata masu karo. Gwiwoyina har haɓa, ina ta addu'ar kada Allah Ya kawo ɗan Gure. Aka kunna wuta, na fara lallaɓawa gefe-gefe da mutuncina. Ban yi zagaye ɗaya ba na ji an dake ni ta baya, dukan da ya tura mini hula kan hanci. Na waiwaya a fusace don in ga wane marar tarbiyya ne, sai na ga Jummai riƙe da abin juya motar, Inna a gefenta ta miƙe hannu tana nuna ni. Da kunnena na ji tana ce mata ta bi mai farar hular nan, kada ta bari ya tsere.

Ma'azu, na gudu. Wallahi na gudu, ni da furfurata, na kutsa tsakanin alhaji da Kawu, suka biyo ni. Na ɓuya a kusurwa, suka same ni a can. A zagaye na biyu Inna ta ture hannun Jummai ta kama tuƙin da kanta, Jummai tana taka mata abin ƙara gudu. Matar da ko keke ba ta taɓa hawa ba, sai ga ta tana karo da bango, tana juyawa a wuri ɗaya, amma duk inda ta daidaita kaina take yi. Mutum goma sha ne a rumfar, ba ta nemi kowa ba sai ni. Duk bugun da ta yi mini sai ta kece da dariya, ɗankwali ya zame, wawulon nan nata a waje. Ban taɓa sanin haka dariyarta take in ta sake ba. Kuma tana kallona, ido cikin ido, ba faifai ba bango. Ban san lokacin da na fara dariya ba, ban kuma san lokacin da ta koma hawaye ba. Na juya na rama sau ɗaya, a hankali, ta ce wa Jummai ashe yana da hannu. Sau uku Kawu yana komawa yankar tike.

Da muka fito muka zauna shan ruwa, ta juya mini baya kamar kullum ta fuskanci Jummai, amma ta ɗaga murya yadda ba zan rasa ko kalma ɗaya ba. Ta ce lokacin da wani yaro yake sabon yaye a ɗakin Yakura, takan fake da kai fura ta shiga in ba kowa, ta sa shi a ƙafafunta tana yi masa lilo. Ran nan matan gida suka kama ta, suka yi sati suna yi mata waƙar marar kunya a bakin turmi, har maganar ta kai kunnen Baba. Tun daga ranar ba ta sake taɓa yaron da sunan wasa ba. Ta ce takan hango shi ta kafar zana yana wasan langa da yara, in ya faɗi sai ta ciji mayafi. Ta ce shekara hamsin wasan nan yana cikin hannunta bai sami wurin fita ba sai yau. Jummai tana kuka, Kawu yana ta gyaran murya yana kallon sama, ni kuwa na tashi na ce zan je neman wurin alwala.

Washegari a cikin kar ba wanda ya tayar da zancen. Har muka wuce Gidigir ina lissafin yadda zan sa ta a motar Kelle in koma gida da haushina, don ban ɗauka wasan yini ɗaya zai kayar da maganar shekara uku ba. Muka sauka tashar Gure, motar Kelle tana lodi, saura mutum biyu. Na ɗauki jakarta na nufi wurin. Sai na ji tana ce wa Jummai ta gaya wa mijinta ya ajiye jakar nan, ya nemi wanda zai je ya koro mata awakinta uku, a haɗo da tukunyar ƙasa da akwatin da ke ƙarƙashin gado, kuma kada a bar wa Maryam wahalar kaji. Na tsaya riƙe da jaka a tsakiyar tasha kamar wanda aka dasa, sai da Jummai ta zungure ni.

Kada ka ɗauka duniya ta juye. Har yanzu ni mijin Jummai ne, har yanzu ba ta cin abinci in ina wurin, kuma na daina jiran ranar da za ta kira sunana, don na gane ba a nan maganar take ba. Amma tana shan maganinta a kan lokaci, kumburin ƙafarta ya saɓe. Da safe in zan fita takan sa a shimfiɗa mata tabarma a inda dole in ratsa, ta bi ni da ido har zaure. Jiya ina wucewa ta miƙo sandarta ta harɗe mini ƙafa, na yi tangal-tangal, ta ce wa Jummai mutanen gidan nan ba su iya tafiya ba.

Saboda haka ka yi zamanka, ka riƙe shagonka da ka sha wuya kafin ka kafa. Ka zo ganin gida in Allah Ya hore, ɗakinka yana nan, Inna ma kullum sai ta ambace ka, da sunanka ɓaro-ɓaro, kuma yanzu ba ya yi mini ciwo. Amma kada ka zo da niyyar ɗaukarta. Kai ka yi shekara talatin da takwas kana da uwa a fili, ni yau kwanana ashirin da uku. Ka bar mini ita, don Allah.

Inna tana sa maka albarka, ta ce ka rage shan shayi. Jummai tana gaida Balkisa da kyau. Kawu Fannami ya ce in gaya maka wuyansa bai daina ciwo ba, kuma bai yi nadama ba. Ka gaida Salihu abokin aikinka da duk 'yan Gure da ke tare da ku. Allah Ya tsare, Ya sada mu da alheri.

Naka, yayanka,
Burahima.