Burodin Ƙarƙashin Katifa

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya yara, yaya ƙafar nan taki? Mu nan jiki lafiya, hankali ne ba a kwance ba.

Kin san yarinyar da muka karɓo riƙo daga ofishin kula da marayu, wadda muke ce wa Tsuntsuwa saboda tsakurar abinci da take yi. Ashe ba ƙoshi ba ne. Ina shara na ɗaga katifarta, sai ga burodi ya yi funfuna, ga shinkafa ƙulle cikin safa, kiyashi sun yi layi. Kin san ni da tsabta, ke ce kike cewa ko inuwata na samu sai na goge. Na kwashe duka, na wanke ɗakin, na shanya katifar, har ina yaba wa kaina.

Da ta dawo makaranta ta leƙa, Yaya, ban taɓa jin ihu irin wannan ba. Ta dinga buga kanta da bango. Maigidan ya riƙe ta, ta gantsara masa cizo a hannu, sai da aka yi masa ɗinki.

Na kai ta wurin likitar halayyar yara, mai zama da ita a ƙasa suna wasa da 'yar tsana. Likitar ta ce yaron da ya sha yunwa ba ya yarda da tukunya, sai da abin da ya ɓoye da hannunsa. Wai abin da na zubar shi ne kwanciyar hankalinta. Ta ce in ba ta gwangwani mai murfi, nata ita kaɗai, kada in taɓa. Na rubuta umarninta ina bi ɗaya bayan ɗaya, amma kullum gani nake akwai wanda na tsallake.

Maigidan ya ce a mayar da ita. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki.

Yaya,

Bayan gaisuwa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Gwangwanin yana nan fanko.

Maigidan ya kira ofishin daga falo, ƙofa a buɗe, Tsuntsuwa tana jin komai. Jami'arsu za ta zo ƙarshen mako. Tun ranar yarinyar ta daina ihu, ta daina fasa kofi, har durƙusawa take ta gaishe mu. Shi cewa yake tsoro ya gyara ta. Ni ma na so in yarda.

Amma na ɗaga katifar, babu komai. Jakar makarantarta ce ta yi nauyi, tana ajiye ta bakin ƙofa, takalmi a gefe. Ban buɗe ba. Na gaya wa likitar. Ta ce yarinyar ta daina ɗaukar ɗakin a matsayin nata, guzuri take haɗawa. Likitar ta nemi ganin maigidan, ya ce shi ba mahaukaci ba ne.

Na roƙe shi, na yi kuka, sai ya nuna mini hannunsa.

Ke kika haɗa aurenmu, maganarki kaɗai yake ji. Na san hawa mota wahala ce gare ki. Don Allah ki zo kafin jami'ar ta riga ki.

Taki har kullum,
Ƙanwarki.