Filafilin Pak Long Mai Lamba Shida

Litinin, 4 ga Disamba

Iskar bana ta iso. Tun bayan sallar asuba bishiyoyin bakin teku suke sunkuyo. Ni da Pak Long muka buɗe rumfar haya, muka fito da falankaye da filafilai muka baza a yashi. A kan falanki ake tsayawa cikin teku, a riƙe filafilin, wato babban ƙyalle mai sanda, iska ta ja mutum. Ɓera ya ci jakar ɗaya, sauran lafiya.

Pak Long yayan babana ne, shi ya koya mini tsayuwa a kan falanki tun ina gudo masa daga makarantar allo. Bana wata uku ya yi a kwance da ciwon suga. Ya tashi dai, amma rabinsa ne ya tashi. Da ya ɗaura bel ɗin da muke maƙalewa da shi a jikin filafili, sai da ya zagaye shi har ya yi saura. Na ce, "Pak Long, in shigo mu cika shi mu biyu?" Ya jefe ni da silifa. Bai same ni ba. Da can ba ya kuskure.

Alhamis, 7 ga Disamba

Na ɗaure busasshen kifi a ƙarƙashin kujerar babur ɗin Kawu Kiong, abokin hamayyar Pak Long. Kyanwa huɗu suka raka shi har shagonsa. Maimakon ya yi fushi, wai ya ce wa mai shayi dabbobi suna gane mutumin kirki. Kifin nawa ya tafi a banza.

Shekara talatin ke nan shi da Pak Long suna tsere a ruwa suna zagin juna a tudu. Sun sa ranar na bana: Lahadi 24 ga wata, daga bakin yashi zuwa turken masunta a dawo. Wanda aka kayar shi zai riƙa wanke falankin ɗan'uwansa har iska ta ɗauke. Wato ni zan wanke, in mu aka kayar.

Asabar, 9 ga Disamba

Ƙa'idar Pak Long, wadda na haddace fiye da yadda na haddace izu na uku:

In ganye kaɗai ke motsi, ɗauki babban filafili, mai lamba bakwai. In rassa suna lilo, ga kumfa nan da can a kan ruwa, shida. In teku ta yi fari fat, biyar. In yashi ya fara harbin ƙwaurinka, huɗu, ko kuma ka zauna ka sha shayi kamar mai hankali.

Amma ni kullum rage ɗaya nake yi, don ba ni da nauyi. Shi da bakinsa ya koya mini: iska tana jan filafili, nauyinka ne ke riƙe shi. Marar nauyi ya ɗauki babba, to shi ne za a ɗauka.

Mak Long, matarsa, ta ce a asibiti an auna shi kilo sittin da uku. Da can tamanin da huɗu yake. Ni hamsin da takwas. Ke nan yanzu kusan tagwaye muke.

Na faɗa masa da yamma, a hankali, ba da wasa ba. Wallahi ba da wasa ba. Ya ce, "Lokman, ina hawan shida tun ubanka bai san hanyar gidan su uwarka ba." Na ce ai wancan Pak Long ɗin ne yake hawa, mai tumbi. Silifa kuma. Laifina ne, da na tsaya a maganar farko.

Talata, 12 ga Disamba

Rassa suna lilo, ya ce shida. Tun da ya tashi daga ciwo ni nake ɗaura masa filafilin, hannunsa ba ya iya jan igiyar. Na ɗaura.

Bai kai rabin hanyar turke ba wata iska ta zo a dunƙule. Filafilin ya fizge shi, ya yi sama da shi kamar tsumma, ya maka shi a kan sandar filafilin. Dariya na fara yi. Ni fa na fara dariya. Sai na ga falanki yana yawo shi kaɗai, ba kan mutum a gefensa.

Ya fito dai. Goshi ya fashe, ɗinki uku.

Mak Long ba ta yi ihu ba, abin da ya fi ban tsoro ke nan. Ta zo rumfa, ta zare makulli daga ƙusa, ta rataya a wuyanta. Ta ce, "Abang, maigida, ka sake irin wannan faɗuwar sau ɗaya, in rufe rumfar nan in jefa wannan a teku. Kai da ruwa sai na alwala." Matar da ta sayar da babur ɗinsa yana masallaci, ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba.

Shi kuwa sai ya ce igiya ce ban ja da kyau ba.

Laraba, 13 ga Disamba

Ba iska. Ban tsokani kowa ba. Mak Long ta taɓa goshina ta ji ko zazzaɓi ne.

Juma'a, 15 ga Disamba

A tsakiyar huɗuba abin ya faɗo mini, Allah ya yafe.

Filafilan Pak Long duk iri ɗaya ne, ja da fari, tare ya saye su. Abin da ke faɗa maka wane ne wane, in ba a jere suke ba, baƙar lambar da ke manne a gindi ce. Lambar kuwa har ta fara ɓamɓarewa.

Bayan an sauko na karɓi makulli wurin Mak Long, na ce zan kashe ɓera. Na ɓamɓare biyar, na yanka shida da baƙin salatif na manna. Shidan gaske na naɗe shi na cusa a bayan tsofaffin falankaye.

Malam ya taɓa yi mana bayani a kan ƙarya, ko ta baki ce kawai ko har da ta hannu. Ranar barci na yi. Ni dai ba zan ce komai ba, salatif ne zai yi magana.

Lahadi, 17 ga Disamba

Ya cire bandeji ya ce, "Kawo shida." Na kawo. Ya ɗan tsaya yana kallonsa. Sai ya ɗauka ya shiga.

Awa guda cur. Ko gashin kansa bai jiƙe ba. Yana yanka ruwa yana juyowa kamar shekarun baya, har masunta suka bar gyaran taru suna kallo. Da ya fito ya nuna ni da yatsa: "Ka gani, malamin sikeli? Shida."

Na ce, "Na gani, Pak Long."

Wannan shi ne wasa mafi kyau da na taɓa yi a rayuwata, kuma ba wanda zan iya ba labari. Cikina har ciwo yake don danne dariya.

Laraba, 20 ga Disamba

Ashe ƙarya ɗaya ba ta zama ita kaɗai. Jiya teku ta yi fari, ya ce biyar. Ina biyar? Biyar ta zama shida. Na ce masa ina zuwa, wai cikina ya murɗa, na shige rumfa na mai da huɗu biyar a tsugune. Yau kuma na mai da shidan gaske bakwai, na ɓoye bakwai. Yanzu duk rumfar ba mai amsa sunansa na yanka.

Sai ga wani baƙo daga Singafo, ƙato, wuyansa kamar cinyata, ya zo haya ba na nan. Ya ce shida, Pak Long ya miƙa masa “shida”. Na dawo na tarar da bawan Allah a tsaye a kan ruwa kamar agwagwa, iska tana wucewa ta bar shi. Ya fito yana cewa iskar tekunmu na Balok ba ta kai yadda ake faɗa ba. Pak Long ya ce masa ya rage cin shinkafa.

Asabar, 23 ga Disamba

Sai yau na tuna. Kawu Kiong a gefenmu yake ɗaura nasa, kullum. Kuma nasa shidan na gaske ne.

Lahadi, 24 ga Disamba

Rassa suna lilo, kumfa nan da can. Na yi addu'a ko iska ta mutu ko ta haukace, ba ta yi ko ɗaya ba.

Mutane sun taru, har mai shayi ya turo kekensa. Mak Long ta shimfiɗa tabarma, makulli a wuya. Na ja filafilinmu can nesa, wai yashin wurin ya fi laushi. Kawu Kiong ya jawo nasa ya biyo ni, ya kwantar da shi daf da namu. Nasa ya fi namu tsawo da kamu ɗaya da wani abu. Ko makaho ya shafa zai gane.

Ya dubi nasa, ya dubi namu, ya dubi lambar. Sai ya ɗaga murya: "Derahman, me ya sami shidanka? Shi ma sugan ne ya kama shi?"

Kowa ya juyo yana kallonmu. Ni dai yashi nake kallo. Na san in ya gane, cewa zai yi a ɗauko masa na gaske a gaban kowa, ya hau don kunya, iska kuwa ƙaruwa take yi.

Pak Long ya tako a hankali, ya tsaya a kan filafilan biyu. Ya ce, "Gishiri ne, Kiong. Abu in ya daɗe a ruwa tsukewa yake yi. Kai kaɗai ne ka shekara talatin a teku kana kumbura."

Mai shayi har ya zubar da madara don dariya. Kawu Kiong ya shafa tumbinsa ya ce za a ga mai kumburi a turke.

A tafiya Kawu Kiong ya ba shi rata. Wajen turke iska ta ƙaru, na ga filafilin Kawu Kiong yana fizgarsa yana tangaɗi, namu kuwa ya kewaya lafiya lau kamar cokali a shayi. A dawowa suka jera. Na shiga ruwa har gwiwa ina ihu, ban san ma me nake faɗa ba. Kawu Kiong ya riga shi taɓa yashi da tsawon falanki ɗaya.

An kayar da mu. Amma a tsaye ya dawo, rigarsa a bushe daga ƙirji zuwa sama. Mak Long ta jawo kwano. Ta zuba masa shinkafa da kifi, ta tashi ta shiga rumfa, na ji ƙarar makulli a kan ƙusa.

Ina wanke falankin Kawu Kiong, Pak Long ya zo ya tsaya a kaina yana sakace. Ya daɗe. Sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Shidan nan da ka yanka a karkace take. Cikinta ya yi ƙarami. Allon ma ba ka zauna ka koyi rubutu ba."

Na daina wankin. Na ce in cire?

Ya ce, "Wa ya ce ka cire? Ka gyara."

Alhamis, 28 ga Disamba

Irin iskar da ake jira shekara guda. Teku fari fat, manyan igiyoyi a can bayan turke. Samarin unguwa duk sun tafi can, suna ta yafuto ni.

Pak Long ya ce biyar. Na kawo masa “biyar”, ya duba sabuwar lambar ya gyaɗa kai. Na ɗaura nawa na bi bayansa, nan kusa da gaɓa, yana gaba ina baya har azahar. Ya juyo sau ɗaya ya ce, "Kai ba za ka je wurin 'yan'uwanka ba ne?" Na ce gwiwata ce take ɗan ciwo.

Ya ce wacce?

Na ce ta hagu. Ina jin ta hagun ce.