Batir Ma Ruwan Sama Yake Jira

Babankatami, daren Talata, daminar 1984

Batirin fitilata ya dawo daga Madawa ba caji. Direban da ke ɗaura mini shi a motarsa ran kasuwa ya ce, "Malam, ruwanshi ya ƙafe. Kada ka zuba na rijiya, gishiri zai kashe shi. Sai na sama."

Kwalbar ruwan saman da na tara bara ta ƙare tun bazara. Kananzir ya yanke a garin nan, ga matata Hadiza watan haihuwarta ya kama. Don daren nan nata na sayi batirin.

Na ajiye tasa a tsakar gida. Ɗazu na leƙa, taurari fal, tasa wayam. Gero yana jira, batir yana jira. Cikin Hadiza ne ba zai jira ba.