Kwanar da Kika Sa wa Hanya

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, Inna, yau na bi ta garinmu Durba a mota, na tuna da ke.

Kin san lokacin da nake tafintan Baturen safiyo mai awon ƙasa, ana saura kaɗan a ba mu mulkin kai, za a fitar da hanya daga Rano zuwa Kibiya. Mutumin nan kalma ɗaya gare shi, wai "hil". Duwatsun Rano hil, tudun gyaɗa hil, jigawa ma hil. Ni kuwa ina ta maimaitawa da ƙarfi don 'yan gari su ji na iya.

Ran nan ya ja layi da fensir a taswirarsa ta kan tudun bayan gidanmu, ya ce a rushe a ɗebi marmara. Na san Baba yana kwance a nan, da iyayenki. Wallahi na sani. Amma na ji tsoron rasa kakin da ke jikina, na ja bakina na yi shiru.

Da safe sai ga ki da mayafi, ko takalmi ba ki tsaya sawa ba. Ba ki yi kuka ba, ba ki yi roƙo ba. Kika zaga da shi tudun, kina nuna masa fasassun tukwanen da ke kan kowane kabari, kina kiran sunan mai shi. Sannan kika juyo kika dube ni. "Kai da ka iya bakinsu, gaya masa wannan ba irin tudun da ake haƙa ba ne. Ka fara da ubanka."

Na faɗa masa. Ya cire hularsa, ya goge layin da ya ja, ya ja wani da ya kauce wa tudun.

Shekaru na yi ina jin kunyar safiyar nan. Yanzu alfahari ya fi yawa. Ni na yi makaranta, amma ke kika san abin da ke ƙarƙashin ƙasar.

Inna, direbanmu na yau ya yi ta mita a kan kwanar nan, wai wane marar kai ne ya lanƙwasa hanya haka. Na ce masa uwata ce, kuma tana nan kwance a tudun, ya rage gudu.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya haɗa ki da Baba a Aljanna.

Ɗanki da kika koya wa buɗe baki,
Sule